Anti Ƙarfe da Filaya Mai Falle Biyu

Akwai wata mata mai gyaran farce da kowa ke ce wa Anti Ƙarfe. Hannunta ne ya jawo mata sunan. Idan ta gaisa da mutum, sai ya koma gefe yana miƙe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana ta dariya.

Shagon da take aiki ɗaki ne mai tsawo, da madubi a bango guda, da kujerun aiki uku a jere, da wata fanka da ke kuka duk lokacin da ta juyo hagu. Kujerar da ta fi kowacce daraja ita ce ta bakin taga. Nan haske yake, nan masu wucewa ke leƙowa, kuma duk wadda ta turo ƙofa nan idonta ke fara sauka. Shekara da shekaru Anti Ƙarfe ce a kan wannan kujera. Ba zan rage mata komai ba, matar ta iya aiki.

Abin da ba ta iya ba shi ne riƙe bakinta.

Kafin in ci gaba, bari in yi wa maza bayani, don na san kuna nan kuna karantawa a ɓoye ko da ba za ku ce uffan ba.

Akwai wani ɗan ƙarfe da masu gyaran farce ke tsinke busasshiyar fatar gindin farce da shi. Kamarsa ɗaya da filaya, sai dai ƙarami ne, bakinsa siriri mai kaifi. A shagon, 'yar filaya suke ce masa. Tsakanin mariƙansa biyu akwai sifirin. An matsa, baki ya rufe. An saki, sifirin ya buɗe shi. A hannun mutum ɗaya ma wannan matsa da saki ba ya ƙirguwa, balle a ce yini guda ana yi.

Sifirin ɗin iri uku ne. Akwai mai falle ɗaya, siririn ƙarfe guda da ke jingina da ɗaya mariƙin, yana da laushi, ba ya gardama da hannu. Akwai mai falle biyu, ƙarfe biyu da kawunansu ke haɗuwa a tsakiya suna ture juna, shi ya fi tauri, yana kuma buɗe baki da sauri. Sai mai naɗi, wanda aka nannaɗe kamar na cikin biro, shi tsaka-tsaki ne.

Ni dai a nawa ganin kowanne da hannun da ya dace da shi. Amma Anti Ƙarfe ta mayar da abin gasar ƙarfi. A wurinta filaya mai falle biyu ita ce ta ƙwararru, sauran duk tarkace ne.

Mai kujerar tsakiya wata mata ce da ake kira Doguwa. Ba yarinya ba ce, ita ma ta daɗe a sana'ar, sai dai mace ce mai sanyin magana. Filayarta mai falle ɗaya ce, kuma nan Anti Ƙarfe ta samu abin yi.

"Doguwa, har yanzu kina nan da filayar wasan yaran nan?" Sai ta ɗaga ta sama yadda duk matan da ke jiran layi za su gani. "Ku duba don Allah. Wannan ai ko ƙuda ya sauka a kai sai ta rufe."

"Tana yi min aiki, Yaya," in ji Doguwa.

"Aiki? Shafa dai kike yi. Hannun da ba zai iya danne falle biyu ba, ya je ya riƙa ninke tawul."

Mata su kwashe da dariya. Doguwa ta karɓi filayarta, ta goge, ta mayar cikin ruwan magani.

Da a dariya abin ya tsaya da sauƙi. Amma kun san halin mutane, abin da suka ji a bakin gwani shi suke ɗauka su tafi da shi. Sai aka wayi gari matan da ba su taɓa sanin filaya tana da sifirin ba suna shigowa suna tambaya, "Da mai falle nawa za a yi min?" Wata ta gwammace ta zauna tana gyangyaɗi a layin taga, ga kujerar Doguwa babu kowa. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata min rai a labarin nan, don aikin Doguwa ba shi da makusa. Baki kawai aka sa aka rage mata kasuwa.

Ana nan ana nan, sai babban yatsan Anti Ƙarfe ya fara magana.

Da farko ɗan tsami ne a gindin yatsan, wajen da ya haɗu da wuyan hannu. Ta shafa man zafi, ta ce gajiya ce. Sai ya zama in ta tashi da safe yatsan a sandare yake, sai ta tsoma shi a ruwan ɗumi kafin ya yarda ya lanƙwashe. Daga nan kuma duk matsar da za ta yi wa filaya sai ta ji kamar an soka mata allura har gwiwar hannu.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Tana aiki tana ba da labari, tana ƙyaƙyata dariya, in ta gama yatsa ɗaya sai ta sa hannun ƙarƙashin tebur ta yarfe shi.

Doguwa ce kaɗai ta lura, don daga kujerar tsakiya ana hango ƙarƙashin teburin taga. Wata rana da rana, shago ya ɗan yi sauƙi, Hajiya mai shagon ta fita, sai ta matso ta ajiye wata filaya a gefen tawul ɗin Anti Ƙarfe.

"Yaya, ina da guda biyu. Gwada wannan ko na yau ne kawai."

Anti Ƙarfe ta kalli filayar, ta kalli Doguwa, ta haɗe rai.

"Me kika gani?"

"Ba komai. Na dai ga kina yarfe hannu."

"Sauro nake kora. Ko shi ma sai na nemi izininki? Ɗauke min wannan abin daga nan kafin wata ta shigo ta zata nawa ne."

Doguwa ta ɗauke abinta.

Maigidan Anti Ƙarfe mai gyaran wutar lantarki ne, mutum mai barkwanci da ya daɗe da gane cewa gardama da matarsa ɓata yawu ne. Ranar da ba ta zuwa aiki, ya fito daga wanka ya tarar da ita a tsakar gida ta zazzage jakar kayan aikinsa. Ta riƙe 'yar filayarta a hannun hagu, ta kama falle ɗaya da babbar filayarsa tana lanƙwasawa.

"Subhanallahi! Uwa ce ke cin 'yarta?"

"Injiniya, wuce ka sa rigarka."

Ya tsuguna ya leƙa. "Me kike so ya zama?"

"Laushi nake so ya ɗan yi. Kaɗan kawai."

"To ai akwai mai laushin a kasuwa. Ki sayo mana."

"In shiga shago da ita in ce wa mutane me?"

"Ki ce hannunki ke ciwo. Ƙarya ne? Jiya ina kallonki, bokiti ya gagare ki ɗauka."

"Allah ya kiyaye. Ni in tsaya a gaban Doguwa in ce hannuna ya gaza? Ai gara yatsan ya cire."

Ya daina dariya. "Ji nan, Maman yara. Wannan ƙarfe biyun kai da kai suke haɗuwa. Kika karkata ɗaya ko da kaɗan ne, wata rana za su goce wa juna. Ba ranar da kika shirya za su goce ba."

"Ka tsaya a wayar wutarka. Na taɓa zuwa na koya maka ɗaura soket?"

Ya ɗaga hannu biyu sama ya shige ɗaki. Ita kuwa ta lanƙwasa wannan falle, ta lanƙwasa wancan, ta matsa ta ji ya yi laushi. Daga nesa babu wanda zai ce an taɓa ta. Filaya mai falle biyu ce dai kamar kullum, sai ƙarfinta da ya ragu.

Ta yi kwanaki tana aiki da ita tana jin daɗin wayonta. Har ma ta ƙara wa Doguwa wani sabon habaici, don ta nuna lafiyarta ƙalau.

A cikin tsofaffin masu zuwa wurinta akwai wata ungozoma da ake ce wa Sista. Ita ba kwalliya ke kawo ta ba. Faratanta kullum a yanke suke ƙasa-ƙasa, ba ta sa jan farce. Yawan wanke hannu da sa safar hannu ta roba ne ke busar mata da fatar gefen farce har ta riƙa tsagewa, shi ya sa take zuwa a tsinke mata a shafa mai. Hannun nan shi ne aikinta, kuma ba ta taɓa miƙa shi ga kowa ba sai Anti Ƙarfe.

Ranar da abin zai faru shago a cike yake. Sista ta zauna, an jiƙa hannu, an ture fata, ana hira. Anti Ƙarfe ta kama wata 'yar busasshiyar fata a gefen manunin Sista, ta matsa.

Sai aka ji ƙas.

Fallayen biyu sun goce wa juna. Mariƙan suka haɗe gaba ɗaya a tafin hannunta, bakin filaya ya cije ya ƙi buɗewa. A daidai lokacin zafi ya harbi babban yatsanta, ta fizge hannu ba da saninta ba. Filayar ta taho da fata, kuma ba busasshiyar kaɗai ba. Ta tsaga gefen yatsan Sista tun daga gindin farce har kusa da gaɓa.

Jini ya ɗiga a kan farin tawul. Wata mata ta saki salati. Hajiya ta taso da sauri daga teburinta.

Sista ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki auduga da kanta, ta danne wurin, ta ɗaga hannun sama. Ta dubi yatsan.

"Gobe ni ce a ɗakin haihuwa. Da buɗaɗɗen ciwo irin wannan ba zan sa hannu a jikin kowa ba."

A nan ne ya kamata Anti Ƙarfe ta sunkuyar da kai. Ina! Sai ta shafa wa idonta toka.

"Sista, wallahi kayan yanzu ne. Kamfanonin nan ba su da tsoron Allah. Sabuwa ce fa, ki ga yadda ta yi."

Hajiya ta sunkuya ta ɗauki filayar daga ƙasa. Ta ɓamɓare bakin da ƙyar, ta juya ta a hasken taga. A jikin fallayen biyu ga sawun haƙoran babbar filaya nan ɓaro-ɓaro.

"Kamfanin ne ya cije ta haka?"



Sista ta miƙa wa Anti Ƙarfe lafiyayyen hannunta. "Ba ni hannunki."

"Hannuna lafiya lau."

"Na ce ba ni."

Ta kama hannun, ta tura babban yatsan cikin tafi, ta ɗan karkata wuyan hannun ƙasa. Ƙarar da Anti Ƙarfe ta saki, har mai shagon ɗinki na kusa sai da ya leƙo.

"Tun yaushe?" in ji Sista.

Hawaye ne ke zubo wa Anti Ƙarfe, amma fuskar nan a murtuke take, ta ƙi ko sharewa.

Bayan an sallami mutane, Hajiya ta kira ta gefe. Hajiya ba mai hayaniya ba ce, amma in ta yanke magana ta yanku.

"Daga gobe Doguwa za ta koma taga. Ke kuma ki zauna a tebur ki riƙa karɓar baƙi."

"Ni? In zauna ina sannu da zuwa, ga waje zauna? Hajiya, gyaran farce na iya, kuma shi zan yi."

"Da wane hannun?"

"Da wannan. Bai mutu ba."

"Kin yanki mace a shagona, kin kuma yi ƙarya a gaban mutane. Da wata ce, da tuni na nuna mata ƙofa."

"To ki nuna min. Amma tebur kam ba zan zauna ba."

Hajiya ta dube ta ta girgiza kai. "Je ki asibiti tukuna. In kin dawo, in an samu mace ɗaya da ta yarda ta miƙa miki hannunta, ki yi mata a gabana in gani. In ba a samu ba, ko tebur ko gida. Zaɓi ya rage naki."

Likita ya ce jijiyar gindin yatsan ce ta kumbura, kuma ta daɗe a kumbure. Ya ce da tun farkon tsamin ta zo ta kuma sauya kayan aiki, da hutu kaɗan ya isa. Yanzu kam sai an ɗaure hannun na wani lokaci, kuma bai yi mata alkawarin ƙarfin zai dawo duka ba.

"Ko ki haƙura da sana'ar," in ji shi.

"Likita, magani na zo karɓa, ba shawarar ritaya ba."

Haka ta koma gida da hannu a ɗaure. Makonnin nan sun yi mata tsawo. Maigidan ne ke ɗaura mata ɗankwali, kuma Allah ya gani bai iya ba, amma ko sau ɗaya bai ce mata ai na faɗa miki ba. Wannan shirun nasa ya fi mata ciwo a kan a ce ya yi ta gori.

Abu ɗaya ya hana ta sukuni, shi ne yatsan Sista. Ta yi ta juya abin a ranta, har dai wata safiya ta sa takalmi ta tafi gidanta. Ta tarar ciwon ya kame, amma Sista ta yi kwanaki ba ta shiga ɗakin haihuwa ba, wata abokiyar aikinta ce ta riƙa haɗa aikin mutum biyu.

Anti Ƙarfe ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi zama. "Sista, ban iya doguwar magana ba. Ni na lanƙwasa sifirin. Ni na yanke ki. Ki yafe min."

"Yankan na yafe tun a ranar. Kowa na iya kuskure. Maganar kamfanin ce ta tsaya min a wuya, jinina na zuba kina neman wanda za ki ɗora wa."

"Ita ma ki yafe."

"Na yafe. Shigo ki zauna, kin tsaya min a kai kamar mai karɓar haya." Da ta zauna, Sista ta ce, "Za ki koma aikin?"

"Ko da rarrafe."

"To in kin je sayen wata, ki rufe idonki. Idonki ne ya jawo miki wannan. Ki bar hannun ya zaɓa, tunda shi zai yi wahalar."

Da aka kwance mata hannu, shagon masu sayar da kayan gyaran jiki ta fara zuwa. Mai shagon ya jera mata iri ukun a kan gilashi. Kafin ta ankara hannunta ya riga ya nufi mai falle biyu, don sabo. Ta janye shi kamar ta taɓa tukunya mai zafi.

"Malam, zan rufe ido. Ka cakuɗa su, ka riƙa miƙo min ɗaya ɗaya."

Mutumin ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta, ya yi yadda ta ce.

Ta farko, matsa biyu ta yi ta ajiye, allurar nan ta dawo. Ta biyu ta fi sauƙi, ta yi ta matsawa, amma can wajen ƙarshen rufewa sai ta ji yatsan yana ƙorafi. Ta uku kuwa ta matsa, ta saki, ta matsa, ta saki, tana jiran zafin ya zo. Bai zo ba.

Ta buɗe ido. Mai falle ɗaya ce, irin ta Doguwa sak.

Ta daɗe tana kallonta. Ranta ya sosu, ba zan ɓoye muku ba. Ta so a ce ko mai naɗin ce, ta samu abin kare kai.

"Malama, mai falle biyun ta fi ƙarko fa," in ji mai shagon. "Ita manyan masu sana'a suka fi nema."

"Na tambaye ka? Hannuna nake so ya yi ƙarko. Naɗe min wannan."

Ranar da ta koma aiki, labari ya riga ta isa. Shago cike, har da waɗanda ba gyaran farce ya kawo su ba. Doguwa na kujerar taga tana yi wa wata aiki. Anti Ƙarfe ta yi sallama da ƙarfi, ta wuce kujerar ƙarshe ta kusa da wurin wanke hannu, ta shimfiɗa tawul. Ba ta ɓoye komai ba. Ta zaro sabuwar filayar ta ajiye a tsakiyar tawul inda kowa zai gani.

"Wa ke biye?"

Nan take kowa ta samu abin dubawa a wayarta. Matan da a da suke rige-rigen layinta, wata ta cusa hannu a jaka, wata ta ce ita rakiya ta yi.

"Na ce wa ke biye?"

Wata mai baki daga can baya ta ce, "Anti, mu fa da yatsunmu muke cin abinci."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Anti Ƙarfe ta ji ta har cikin ƙashi, amma ba ta sunkuya ba. Ta gyara zama, ta harɗe hannu, ta kafe ƙofa da ido. Hajiya na tebur tana kallo. Lokaci na tafiya, kuma kowa ya san in aka tashi a haka, zancen ya ƙare.

Doguwa ta gama da wadda take yi wa. Ta wanke hannu, ta tsane da tawul, ta tako a hankali ta ratsa shagon. Ta ja kujerar baƙi ta gaban Anti Ƙarfe ta zauna, ta ɗora hannayenta biyu a kan tawul.

Ku tuna, in babu wadda ta zauna, kujerar taga ta zama ta Doguwa har abada. Shiru kawai za ta yi ta ci riba.

"Tashi," in ji Anti Ƙarfe a hankali. "Ba na son tausayi."

"Wa ya ce tausayinki nake ji? Hasken tagar can ciwon kai yake sa min. Ki yi aikinki, Yaya. Kuma in kika yanke ni, wallahi sai na rama."

Anti Ƙarfe ta jawo kwanon ruwan ɗumi.

Da ta zo tsinkar farko, ta danna filayar da irin ƙarfin da ta saba, bakin ya rufe da sauri fiye da yadda ta so. Doguwa ba ta janye hannu ba.

"Sassauta. Wannan ba ta son dambe. Ki taɓa ta kawai, ita za ta ƙarasa."

"Ni za ki koya wa aiki?"

"E. Sassauta."

Ta sassauta. A gaban duk matan nan, Anti Ƙarfe ta bi umarnin Doguwa yatsa bayan yatsa, tana ƙunƙuni tana bi. Aikin da a da take gamawa kafin a ƙare labari ɗaya, ranar ya ɗauke ta lokaci mai tsawo. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Amma ko ɗigon jini babu, kuma ko sau ɗaya hannunta bai shiga ƙarƙashin tebur ba.

Hajiya ta taso ta kama hannun Doguwa, ta kai shi hasken taga, ta duba kowane farce. Ta juyo.

"Taga ta zama ta mutum biyu. Ɗaya safe, ɗaya yamma. Ku sasanta."

Anti Ƙarfe ta buɗe baki za ta yi musu, kowa ya ga alamar. Sai ta dubi hannun Doguwa, ta haɗiye.

"Doguwa ta ɗauki safe. Hasken safe ya fi kyau." Ta harari Doguwa. "Ciwon kan naki fa?"

"Ya warke."

Mai bakin nan ta can baya ce ta fara tasowa, tana cewa ita dama wasa take yi.

Anti Ƙarfe ta ci gaba da sana'arta, kuma har yau tana kai. Mutanenta sun dawo, ba duka ba. Amma maganar likita ta tabbata, ƙarfin yatsan bai dawo duka ba. Tana tsinke fata tsaf, tana goge farce, tana shafa mai. In aka zo shafa jan farce ne ake ganin abin da taurin kai ya ci mata, don murfin 'yar kwalbar nan da yaro ma zai murɗe, ita ya fi ƙarfinta.

Kullum sai ta gwada. Ta murɗa, ta cije leɓe, ta sake murɗawa. Sannan ta miƙa kwalbar gefe ba tare da ta juyo ba.

"Doguwa, buɗe min. Kuma ba roƙonki nake ba."

Doguwa ta buɗe ta miƙo mata.

Darasi: Kayan aiki don hannunka aka yi shi, ba don idon masu kallo ba. Wanda ya ɓoye ciwonsa saboda kada a ce ya gaza, ƙarshe shi da wanda ya amince masa ne za su ji jiki. Kada ka raina yadda abokin aikinka ke yin nasa don ya bambanta da naka, wataƙila shi ne zai zauna a gabanka ranar da kowa ya janye hannu. In kana da taurin kai, ka kashe shi wajen tashi bayan ka faɗi, ba wajen musun gaskiya ba. Ku tura wa duk wani mai sana'ar hannu da kuka sani, musamman wanda kuka ga yana yarfe hannu yana cewa ba komai.